Gaskiya ko Jita-jita: Wa Ke Samun Kuɗin Binciken Lafiya a Kudancin Jigawa?

A Birnin Kudu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wadda kowa ke kira FMC, akwai kuma makarantar koyon aikin jinya da ungozoma. Daga Gwaram da Buji, har da ƙauyukan ƙasar Bauchi da ke maƙwabtaka, nan ake dosa idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti. A Dutse kuwa Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 tana horar da likitoci, asibitin Rasheed Shekoni ya zama asibitin koyarwarta. Sannu a hankali Jigawa ta fara tara wasu mutane da a da ba ta da su da yawa: matasan likitoci masu duba marasa lafiya da safe, su koyar da ɗalibai da rana, ana kuma jiran su yi bincike su wallafa kafin a ƙara musu girma. Wa zai biya kuɗin wannan binciken, kuma wa ke samun sa? Maganganu da dama na yawo a kan haka, a ɗakin hutun likitoci da majalisun gari. Bari mu auna su.

"Bincike sai Kano da Zariya da Ibadan, a asibitin karkara ba a yin sa"

Jita-jita ce, kuma Birnin Kudu da kanta ta ƙaryata ta.

A 2007 mujallar likitanci mai suna Annals of African Medicine ta wallafa aikin Dakta Jamilu Tukur da abokan aikinsa biyu. Ba wata na'ura mai tsada suka yi amfani da ita ba. Fayilolin ɗakin haihuwa na FMC Birnin Kudu suka ɗauko, suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna ƙirga matan da suka zo da jijjiga, ciwon nan da hawan jini ke jawo wa mai ciki ko mai jego har ta fita hayyacinta tana taune harshe. Cikin haihuwa 2,197 sun sami mata 207 da ciwon, wato fiye da 9 cikin kowace 100. Mafi yawansu cikin fari ne, mafi yawansu kuma ba su yi awo ba. Alƙaluman asibitin na wancan lokaci sun nuna jijjiga ce sanadin fiye da kashi 40 cikin 100 na matan da suka rasu wajen haihuwa. A lura, asibitin wuri ne da ake turo waɗanda abin ya yi wa tsanani, don haka ba a ce 9 cikin 100 na duk matan yankin ke jijjiga ba. Duk da haka adadin ya isa ya hana mai tunani barci.

Abin takaicin shi ne duniya ta riga ta san maganin. Wani babban gwaji a 1995 ya tabbatar allurar magnesium sulphate ta fi diazepam da aka saba bayarwa, wani kuma a 2002 ya nuna tana rage haɗarin jijjiga tun kafin ta zo, ga ta kuma da araha. Amma sanin magani a Ingila daban, shigarsa ɗakin haihuwa a Arewa daban. Sai da aka sami alƙaluma na gida, daga Birnin Kudu da Nguru da Kano, sannan maganar ta yi nauyi a kunnen hukuma. A 2008 ƙungiyar Population Council, da tallafin gidauniyar MacArthur, ta shigar da allurar asibitoci goma na jihar Kano tare da horar da ma'aikata, Dakta Tukur na cikin jagororin aikin. Mace-macen matan da suka zo da ciwon ya sauko daga kashi 20.9 zuwa kashi 2.3 cikin 100. Daga mace ɗaya cikin biyar zuwa kusan ɗaya cikin arba'in. Kowace ɗaya a cikinsu 'yar wani ce, amaryar wani ce, sau da yawa yarinya ce da ba ta kai ashirin ba.

Ba a nan aka tsaya ba. A 2015 Dakta Adewale Ashimi da Dakta Taiwo Amole sun wallafa bincike kan matan da ke zuwa awo a Birnin Kudu amma su haihu a gida, da dalilan da ke sa hakan. Tambaya ce da ba wanda zai zo daga Landan ya amsa mana ita. Irin waɗannan ayyuka ba sa buƙatar miliyoyi ɗari. Suna buƙatar lokaci, da takarda, da wanda zai shigar da bayanai a kwamfuta, da masanin lissafi da zai duba, da kuɗin wallafawa. Yawanci daga albashin likitan kuɗin ke fita, kuma nan ne matsalar take.

"Babu kuɗin bincike a ƙasar nan kwata-kwata"

Rabin gaskiya ce. Kuɗin ya yi kaɗan matuƙa, wannan ba musu. Tun 1990 wani kwamitin ƙasa da ƙasa kan binciken lafiya ya ba da shawarar ƙasashe masu tasowa su ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na abin da suke kashewa a lafiya domin bincike, ministoci suka sake jaddada haka a taron Bamako na 2008. Shi kansa kasafin lafiyar, wanda shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja a 2001 zai kai kashi 15 cikin 100 na kasafin ƙasa, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai shi can ba.

Amma akwai asusu. TETFund ya samo tushe daga yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta ƙulla da gwamnati a 1992, zamanin da Attahiru Jega ke shugabantar ta. A 1993 aka yi dokar karɓar kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni domin ilimi, a 2011 aka sake dokar aka taƙaita asusun ga manyan makarantu, a 2023 kuma harajin ya kai kashi 3. Asusun yana da ƙofofi biyu na bincike. Babbar ita ce ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka zuba wa naira biliyan 5 a 2019, biliyan 7.5 a 2020, biliyan 8.5 a 2021, aiki guda na iya samun har miliyan 50. Ƙaramar ana raba ta a cikin kowace makaranta, ta daɗe iyakarta miliyan 2 ga aiki guda. Wannan ƙaramar ita ce ta dace da mai farawa.

Sai dai a duba wa doka ta ce a ba. Jami'o'in gwamnati ne, da kwalejojin fasaha, da kwalejojin ilimi. FMC asibiti ne a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta tarayya, ba makaranta ba. Babban likitan da ke tiyata a Birnin Kudu, idan ba shi da muƙamin koyarwa a wata jami'a, ba zai tsaya da sunan asibitinsa ya nemi wannan kuɗi ba, sai dai ya raɓu da wani malamin jami'a a sa shi cikin tawaga. Malamar makarantar jinya ma haka. Likitan da ke asibitin jiha a Gwaram kuwa ba a ma maganarsa. Ga marasa lafiya a hannunsu, ga tambayoyi a gabansu, amma ƙofar tana wani gini.

Akwai kuma wani nauyi da ba a cika faɗa ba. Duk likitan da ke neman ƙwarewa, ko ta kwalejin likitoci ta ƙasa da aka kafa a 1979 ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma, dole ya yi bincike ya rubuta kundi kafin ya zama babban likita. Da yawa da aljihunsu suke yi. Wanda zai biya kuɗin gwajin jini na mutum ɗari biyu daga albashinsa, dole ya zaɓi tambayar da ta fi arha, ko da ba ita ta fi amfani ba.

"Sai farfesa, ko wanda ke da ubangida"

Wannan tana da gaskiya fiye da yadda masu raba kuɗi ke son amsawa, ko da yake ba kullum son kai ne ke jawo ta ba. Mai ba da tallafi yana tambayar abu uku: me ka taɓa wallafawa, wane tallafi ka taɓa riƙewa ka kammala lafiya, kuma wa zai tsaya maka. Mai farawa ba shi da ko ɗaya. Kuɗin farko kamar iri yake a hannun manomi: wanda ya samu ya shuka zai girbe ya ajiye na baɗi, wanda bai samu ba sai ya yi ta yi wa wasu ƙwadago komai ƙwarewarsa.

An auna wannan a ƙasar Holan. A wani nazari da aka wallafa a 2018, an kwatanta matasan masana da suka ci tallafin farko da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar, mutanen da makinsu kusan ɗaya ne. Cikin shekara takwas, waɗanda suka ci sun tara kuɗin bincike fiye da ninki biyu na waɗanda suka faɗi. Wani ɓangare na dalilin shi ne waɗanda suka faɗi sun karaya sun daina nema. A Amurka ma, nazarin Donna Ginther na 2011 ya nuna baƙaƙen fata masu neman tallafin hukumar binciken lafiya ta NIH sun gaza fararen fata samun nasara da maki 10 cikin 100, ko bayan an daidaita ilimi da yawan wallafe-wallafe, kuma sun fi ƙarancin gyara takarda su sake turawa idan an ƙi ta. A nan fa ubangida na gari ke da rana. Shi zai ce maka ƙin farko ba ƙarshen magana ba ne, ya zauna da kai ku bi gyaran layi-layi.

A wajenmu bambancin ba na launin fata ba ne. Na wuri ne da shekarun makaranta. Ibadan ta fara a 1948, Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, asibitin Malam Aminu Kano a 1988, Dutse a 2011. Da Amurka ta fito da shirin horar da ƙananan malaman likitanci kan bincike a 2015, a Najeriya jami'o'in Ibadan da Jos da Legas ne suka riƙe kuɗin. Sun cancanta, domin suna da ofisoshin kula da tallafi da mutanen da suka ƙware a rubuta takardar nema. Amma idan kullum haka za a riƙa zaɓa, sabuwar makaranta ba za ta taɓa kamo tsohuwa ba.

Inda maganar ta kauce shi ne cewa babu ƙofar mai farawa ko ɗaya. Akwai. Ƙungiyar RSTMH ta Landan, mai kula da cututtukan ƙasashe masu zafi, tana ba masu farawa ƙaramin tallafi na aikin shekara guda. Asusun AREF, wanda Farfesa Tumani Corrah ya kafa a 2015 bayan ya daɗe yana jagorantar cibiyar binciken likitanci ta Gambiya, yana koya wa matasan masanan Afirka rubuta takardar neman tallafi. Cibiyar Fogarty ta Amurka ta tsara wani tallafi na shekara uku zuwa biyar musamman domin ƙananan malamai na ƙasashe masu tasowa. Sai dai sharaɗinsa shi ne mutum ya ba bincike kashi 75 cikin 100 na lokacin aikinsa. Ka kai wannan sharaɗi asibitin da likitoci biyu ko uku ke riƙe da sashe guda, suna kwana kira suna wayar gari a ɗakin duba marasa lafiya. Wane shugaban asibiti ne zai sa hannu? A ganina rashin lokaci ya fi rashin kuɗi kashe bincike a wurare irin su Birnin Kudu, kuma duk shirin tallafin da bai tanadi wanda zai riƙe wa likita aikinsa ba, rabin shiri ne.

"Kuɗin Turawa ne, gwaji suke yi da 'ya'yanmu"

Ba zan kira wannan jita-jita kai tsaye ba, domin tana da asali, kuma asalin mai ciwo ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, biyar cikin waɗanda aka ba Trovan, shida cikin waɗanda aka ba maganin da aka kwatanta shi da shi. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran. A 2009 aka sasanta da jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya ƙarfafa ƙin allurar shan inna a 2003 da 2004. Duk wanda ya raina tsoron mutane a kan wannan bai san tarihin ba.

Bayan haka abubuwa sun canja. Tun 2007 Najeriya ke da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa. Ba a taɓa mutum sai kwamitin ɗa'a mai rajista ya amince da aikin, sai an yi wa mutumin bayani da harshen da yake ji, ya yarda da bakinsa, kuma yana da ikon janyewa duk ranar da ya ga dama ba tare da an hana shi magani ba. Amma takarda ba ta tsare kowa ita kaɗai. Mai tsarewa shi ne likitan gida da ya san aikin bincike ciki da bai, wanda zai karanta daftarin baƙo ya ce wannan ba za a yi shi a kan mutanenmu ba. Wanda bai taɓa riƙe bincike nasa ba, da wuya ya iya wannan. Saboda haka tsoron da ake ji hujja ce ta a ƙara wa namu ƙarfi.

Arewa ta ga nau'i biyu na aikin baƙi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki da ke Jigawa ta yau, da feshi da raba magani gida-gida. Ya nuna ana iya rage cutar ƙwarai amma waɗannan matakai kaɗai ba sa yanke ta a irin ƙasarmu. Har yau masana a jami'o'in duniya na amfani da alƙaluman Garki. Sai dai aikin bai bar wa yankin wata cibiyar bincike da ta ɗore ba.

Kwatanta shi da aikin sikila na Kano. Kimanin jarirai 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya duk shekara, kuma idan ba a yi komai ba, kusan ɗaya cikin goma kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai ashirin. A Amurka ana kare su da ƙarin jini duk wata, abin da ba zai yiwu ga yawancin iyalanmu ba. Likitocin Kano da Kaduna, cikinsu har da Dakta Najibah Galadanci da Dakta Shehu Umar Abdullahi, tare da Farfesa Michael DeBaun na jami'ar Vanderbilt, suka gwada ƙwayar hydroxyurea a kan yara 220 da na'urar auna gudun jini a jijiyoyin kai ta nuna suna cikin haɗari. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ƙaramin awo na maganin ma yana ba da kariya. Kuɗin na Amurka ne, amma tambayar ta gida ce, hannayen da suka yi aikin na gida ne, kuma da aka gama an bar ma'aikata da suka iya na'urar da matasan likitoci da suka koyi bincike.

Sai dai kuɗin wani ba abin dogaro ba ne. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, NIH ta soke tallafi da dama da aka tsara domin waɗanda aka bari a baya, ta kuma dakatar da tsarin da jami'o'in Amurka ke bi su miƙa wani kaso na kuɗin ga abokan aikinsu na waje. Wanda ya fi jin jiki a irin wannan yanayi shi ne ƙaramin malami da albashin mataimakansa ke rataye da tallafi guda.

"Idan aka ware wa mata da na karkara kaso, inganci zai faɗi"

Jita-jita. A Mayun 2023 aka wallafa sakamakon gwajin E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000. Asibitoci 38 daga ciki a Najeriya suke, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren ƙasar nan. Dabarar mai sauƙi ce: a shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai awo da ke tara jinin don a daina kintace da ido, da zarar ya kai wani mizani a haɗa duk matakan tsayar da shi lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100. Ungozomomi ne suka riƙe aikin a ɗakunan haihuwa.

A Jigawa, jihar da wani nazari na 2017 ya ƙiyasta mata 1,012 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000, maganar mata masu bincike ba ta ado ba ce. Akwai abin da mai jego a Sara ko Basirka za ta faɗa wa 'yar'uwarta mace, ba za ta faɗa wa namiji ba ko da likita ne: wa ya hana a tafi asibiti da wuri, me aka fara ba ta a gida, me ya sa ta ji tsoron ɗakin haihuwa. Bayanin da aka tara ba tare da wannan ba, gurgu ne.

Jigawa ta kashe kuɗi mai yawa tana tura ɗalibai, da yawansu mata, karatun likita a ƙasashe irin su Sudan da Sin. Waɗannan 'yan mata yanzu suna shiga shekarun da neman ƙwarewa da aure da goyo ke haɗuwa wuri guda. Abin da suke buƙata ba rangwamen maki ba ne. A daina ƙirga cancanta da shekarun haihuwa, a ƙirga daga ranar da mutum ya gama ƙwarewa, a cire watannin jego daga lissafi. A riƙa yin taron horarwa a inda mai shayarwa za ta iya zuwa da jaririnta da mai reno. Ma'aunin ingancin aiki ya zauna yadda yake ga kowa.

"Kuɗin bincike a aljihun likita yake ƙarewa"

Akwai masu yin haka. A 2020 jami'an TETFund da kansu sun fito fili sun koka cewa wasu malamai na karkatar da kuɗin bincike zuwa gina gidaje da sayen motoci. Wannan cin amana ne, kuma ƙananan malamai masu gaskiya ne ke biyan bashinsa, domin kowace badaƙala na ƙara tsaurara sharuɗɗan da mai farawa ba zai iya cikawa ba. Amma a tsarin da aka gina da kyau, kuɗin asusun makaranta yake shiga, ana sakin sa kashi-kashi, ba a ba da na gaba sai an ga rahoto da rasit. Likitan da ya zaɓi bincike sau da yawa asara yake yi, domin yammacin da abokinsa ke asibiti mai zaman kansa yana samun na cefane, shi yana gaban kwamfuta.

"Ka horar da su, su tsere waje"

Wasu za su tafi. A Maris 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce kimanin likitoci 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Amma mafi yawansu ba tallafin bincike ne ya fitar da su ba. Likitan da ke da aiki nasa a ƙasa, da marasa lafiyar da yake bibiya shekara uku, da ɗalibai da ke jiran sa, yana da abin da zai yi asara idan ya tafi. Wanda ya tafi ma kan iya dawo da alheri. Dakta Mahmoud Bukar Maina yana aiki a jami'ar Sussex ta Ingila, shi ne kuma ya jagoranci kafa cibiyar binciken kimiyyar lafiya a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021, da goyon bayan gwamnatin jihar.

"Jihar da ke fama da rashin magani, ina ita ina bincike?"

Wannan ita ce magana mafi ƙarfi cikinsu duka, kuma masu faɗinta mutanen kirki ne da suka ga asibiti babu safar hannu. Ina girmama ta, amma ban yarda da ita ba. Mai kuɗi kaɗan shi ya fi buƙatar sanin inda zai sa su. Yobe ba ta fi Jigawa arziki ba, amma ta sa kuɗinta a binciken ciwon ƙoda da ya addabi Gashuwa da kewaye, ciwon da mutanen kwarin Haɗeja ma suka daɗe suna kuka da shi. Biyan kuɗin wankin ƙoda ba shi da ƙarshe muddin ba a gano abin da ke lalata ƙodar ba.

Kudancin Jigawa na da tambayoyinsa da ke jira. Awa nawa mace mai jijjiga ke ɗauka daga ƙauyen Gwaram zuwa gadon asibiti a Birnin Kudu, kuma a wane mataki lokacin ya fi ɓata, a gida, a neman mota, ko a ƙofar asibiti? Ƙananan asibitoci nawa ne ke da allurar magnesium a yau, da ma'aikacin da zai yi ta farko kafin ya tura mace gaba? Yara masu sikila nawa aka taɓa auna wa gudun jinin kai? A Maris 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar rigakafin sanƙarau mai kare nau'i biyar, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara yi. Wa ke bin sawu, kakar zafi bayan kakar zafi, ya ga me ya canja a garuruwanmu?

Abin da nake ganin ya kamata ba shi da tsada. Jiha ta ware ƙaramin asusu na masu farawa kaɗai. Tallafi ashirin na naira miliyan 3 kowanne, miliyan 60 ke nan a shekara. A buɗe shi ga likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi da masu gwajin jini da masu haɗa magani, ko suna jami'a ko ba sa jami'a, a tanadi kaso ga mata da masu aiki wajen Dutse. Masu tantancewa su fito daga wajen jihar, a ɓoye musu sunan mai nema. Kowane mai tallafi a haɗa shi da jagora daga Dutse ko Kano ko Zariya, shugaban asibitinsa ya sa hannu a kan kwana ɗaya a mako da ba za a sa shi aiki ba. Wanda ya faɗi a ba shi bayanin gyara a rubuce, a gayyace shi ya sake nema. Idan an gama, kafin a tura sakamako mujallar waje, a karanta shi da Hausa gaban hakimi da kwamitin lafiya na mazaɓar da aka yi aikin, domin jininsu da labarinsu aka ɗauka.

Akwai mataki ɗaya da ba ya buƙatar jiran kasafin kuɗi. Jami'ar Tarayya ta Dutse na iya faɗaɗa ba ƙwararrun likitocin FMC Birnin Kudu muƙamin koyarwa na haɗin gwiwa, yadda ake yi tsakanin jami'o'i da asibitoci a wurare da dama, ta kuma riƙa sa su cikin tawagar duk binciken da malamanta za su nema wa kuɗin TETFund. Jami'a za ta sami malamai da marasa lafiyar da ɗalibanta za su koya a kansu, su kuma likitocin za su sami sunan makarantar da masu ba da tallafi na gida da na waje ke tambaya a shafin farko na takardar nema.